Zoulé Ba Ta Zauna Ba

Juma'a, 3 ga Maris 1978

Babu aiki yau. Na wuni a ɗakinmu na unguwar Tayuri, nan ƙasar Larabawa da muka zo ci-rani, ina kallon ɗiyata Zoulaïhatou, da muke kira Zoulé. Shekara ɗaya da rabi, har yanzu ba ta zama. In uwarta Saoudé ta jingine ta da matashi, sai kan ya gangara gefe. Hannayen kullum a dunƙule. Da na ɗaga ta sama, ƙafafun suka sandare suka harɗe, sai da na sa ƙarfi na raba su. Amma ta yi mini dariya. Ta san ni sarai. To in ta san ni, mene ne ke nan?

Saoudé ta ce a danginsu yara ba sa saurin zama. Ta faɗa ba ta dube ni ba.

Talata, 7 ga Maris

Kunu ya shaƙe ta har idanunta suka juye. Na tsaya da cokali a hannu kamar gunki.

Asabar, 18 ga Maris

Kowa da nasa. Inna Ɗijatu, Bakanuwar da ke sayar mana da tuwo a bakin shantiye, wurin ginin da muke yi a unguwar Jadid, ta ce shan inna ne. Souley, wanda muke jera bulo tare, ya ce shan inna ba ya taɓa wuya, wannan iska ce. Wani malami ya ba ni rubutu, mun ba ta. Maƙwabciyarmu kuwa ta ja ɗanta ta shige da shi da ta ga Zoulé a tabarma. Saoudé ta gani. Ba ta ci abinci ba.

Garin nan ko'ina gini ke tashi, kuɗin fetur ya sa ko gajiya ba a yi. Ni na iya miƙar da bango. Wuyan ɗiyata ya gagare ni.

Litinin, 27 ga Maris

Mun je mustashfa, babban asibiti. Lokotoron Bamisire ne, Larabcinsa na gudu, nawa na shantiye ne, na siminti da yashi. Wani Buzu mai shara ya taimaka da tafinta.

Ya ƙwanƙwasa gwiwarta, ƙafar ta yi tsalle. Ya buɗe tafin hannunta, tafin ya koma ya rufe. Sai tambayoyi. Naƙuda ta daɗe? Saoudé ta ce ta kwana ta wuni, a ɗaki. Yarinyar ta yi kuka da ta faɗo? A'a, sai da aka yi ta yayyafa mata ruwa. Idanunta sun yi ɗorawa kafin suna? Sun yi.

Ya ce "shalal dimagi". Buzun ya ce, wai shanyewar jiki ce daga ƙwaƙwalwa. Ƙafa lafiya, hannu lafiya, wurin da ke ba su umarni ne ya ji rauni, ko don rashin numfashi a haihuwa, ko don ciwon shawarar nan da ya sa idanun ɗorawa. Na ce wanne daga ciki? Ya ɗaga kafaɗa. Na ce a yi mata allura. Ya ce babu allurarsa. Na ce to zai kashe ta? A'a. Zai ƙaru? Raunin ba ya ƙaruwa. Zai warke? Ba ya warkewa.

Ciwon da ba ya gaba, ba ya baya, ba ya kisa, ba ya tafiya. Ban taɓa jin irinsa ba.

Laraba, 29 ga Maris

Na manta ban tambaya ko za ta yi magana ba. Ko kuwa na tambaya Buzun bai juya ba? Ban sani ba.

Saoudé ta ce, "Maigida, ko jarkokin ruwan da na yi ta ɗauka da cikinta ne?" Na ce lokotoro bai ce haka ba. Ta ce ai bai ce ba haka ba ne.

Lahadi, 9 ga Afrilu

An tura mu wani ɗaki a bayan asibitin. Wata Baturiya ce a ciki, an ce daga Bulgariya take. Babu magani, babu kwalba, sai katifa a ƙasa. Ta kwantar da Zoulé tana lanƙwasa ƙafa tana miƙewa, a hankali. Ta kifa ta a kan naɗaɗɗen bargo don ta ɗaga kai. Ta nuna yadda za a zaunar da ita tsaye in za a ba ta abinci, haɓa ƙasa, kunu mai kauri kaɗan kaɗan. Ta ce kullum, safe da yamma, in ba haka ba gaɓoɓin za su ƙage.

Sai ta kama hannuna ta ɗora a cinyar yarinyar. Na ce uwarta za ta yi. Ta girgiza kai, ta nuna ni, ta nuna Saoudé. Zoulé ta yi ta tsala ihu. Wannan shi ne magani? Tausa?

Alhamis, 20 ga Afrilu

Saƙo daga garinmu Tasawa ta bakin direban kamiyo, babbar motar kaya. Inna, mahaifiyata, ta ce in maido mata jikarta, akwai mai magani a wani ƙauye, ya tayar da yaron da ya fi wannan. Ta ce ba a barin yaro irin wannan a ƙasar mutane.

Wataƙila gaskiyarta. Can akwai dangi, akwai hannaye. Nan daga ni sai Saoudé, ni kuma ina kan bango tun safe. Amma can babu ɗakin katifar nan. Amma ɗakin katifar me ya yi mana zuwa yanzu?

Na gaya wa direban ya riƙe wa Saoudé da Zoulé wuri in zai koma, farkon Yuni. Saoudé ta ce, "Yadda ka gani." Na fi son ta yi mini gardama.

Talata, 2 ga Mayu

Na haɗa mata kujera da guntayen katakon shantiye, yadda Baturiyar ta zana a iska da yatsa. Ta zame ta ƙasa. Na ƙara itace tsakanin cinyoyi. Ta zauna, a karkace. Ta yi ta bin kaji da ido.

Juma'a, 19 ga Mayu

Saoudé na fama da zazzaɓi, ni nake miƙar ƙafafun kwana biyun nan. Na lura in na yi mata ƙaramar waƙar da muke yi wajen cuɗa siminti, jikin yana saki. In na yi sauri sai ta ƙame. Ƙafar hagu ta fi taurin kai.

Souley ya tambaya ko akwai sauƙi. Ba ta zauna da kanta ba. Ba ta ce komai ba. Amma jiya ta shanye kununta ba ta shaƙe ba. Wannan sauƙi ne ko ba sauƙi ba ne?

Asabar, 3 ga Yuni

Kamiyon ya tashi jiya. Ba su bi shi ba. Zafi ya yi yawa, hanyar Agadas ba ta yaro ba ce a wannan wata. Abin da na aika wa Inna ke nan, kuma gaskiya ne. Sai sanyi ya faɗo mu gani.

Da la'asar na saɓa Zoulé a kafaɗa muka je kasuwar Jadid sayen dabino, don uwarta ta samu ta runtsa. Ban taɓa fita da ita ni kaɗai ba. Ta jiƙe mini riga da yawu. Mai dabinon, wani tsoho daga garin Ghuddwa, ya dube ta ya dube ni, ya ce, "Miskina, ba ta da lafiya?"

Na ce, "Lafiyarta lau. Haka take."

Sai da muka kusa gida na ji abin da na faɗa. Ban san daga ina ya fito ba.

Kujerar ta fara yi mata kaɗan. Gobe in nemi katako.