Batirin da Sahabi ya sauya mini

Daren Laraba, Gwandu

Har yanzu kafaɗuna ciwo suke. Da girmana da furfurata, yau ni ne ke tura akori-kura cike da tumatir a hanyar Dodoru, rana tsaka.

Sahabi ne ya yi mini wannan aikin, mai cajin batir na bakin tashar Kalgo. Sabon batir na kai masa shekaranjiya don ya kwana a caji, tunda tsohuwar motar nan ba ta cika shi da kanta. Ya miƙo mini wani a goge fes, na ɗaura ban duba ba. Sai da ta mace na ɗaga shi. Ni nawa na ƙona masa alama da ƙusa mai zafi a gindi. Wannan babu komai, kawunansa ma duk sun ci gishiri.

Na kira shi, wai, "Haba Baba, wallahi naka na." Baba! Ni da na yi masa jagora wurin direbobi lokacin da ya buɗe shagon.

Rabin tumatirin ya narke kafin in sami masu taya ni turi. Ban zubar ba, yana nan cikin mota yana tsami.

Gobe da asuba za a tura ni ta tashi, ba zan tsaya ba sai Kalgo. In gindaya ta a ƙofar shagonsa, da kayanta da ƙudajenta, in kashe. In yana son ta gusa, ya fito da batirin da zai tada ta.