Za Mu Kira Ki, Mama

Litinin, 8 ga Satumba

Na karɓo sakamakon gwajin bakin mahaifa. Nas mai tabarau, yarinya ce sa'ar 'yata, ta jawo kujera kusa da ni ta ce, "Mama, kar ki tsorata, ba a ce cutar kansa ba ce. An dai ga wasu ƙwayoyi sun canza kama. Sai likita ya duba da na'ura, wataƙila a ɗan gutsiri nama a auna." Na ce to. Ta ce za su kira ni a waya su ba ni rana.

Ta tambaye ni ko akwai abin da ke damuna. Ƙofa a buɗe, mata sun yi layi har bakin labule, ga mai goge ƙasa yana ta kai da komo da bokitinsa. Na ce alhamdulillahi.

Akwai ɗan jinin da nake gani kwanan nan, alhali al'ada ta ɗauke min shekara biyu ke nan. Ba shi da yawa. Ɗigo ne.

Laraba, 10 ga Satumba

Malam ya dawo daga tuƙi ya ce yaya asibiti. Na ce sun ce za su kira. Ya ce ciwon mene ne? Na ce na mata. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya cire takalmi. Mun haifi 'ya'ya biyar, amma sunan wurin nan ya ƙi fita daga bakina a gabansa.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ba su kira ba.

Na daina taka keken ɗinki. Ƙararsa tana danne ƙarar waya, jiya sai da na tashi na ga an kira, ashe masu tallan waƙoƙi ne. Yanzu aikin hannu kawai nake yi, maɓalli da kalmasa, waya a kan cinyata. Ga yunifom ɗin 'yan makaranta jibge a kan gado, an yanka ba a haɗa ba. Mai makarantar ta aiko, na ce a ba ta haƙuri. Ban yi mata ƙarya ba, ban dai faɗi dalili ba.

Ko banɗaki zan shiga sai na ajiye wayar a kan dakalin ƙofa, tunda akwai karatun Alƙur'ani a cikinta, ba na shiga da ita. Sai in bar ƙofar ba sakata, kunnena a waje.

Juma'a, 26 ga Satumba

Abin da ya fi tsaya min a rai salla ce. A makaranta an karantar da mu jinin haila da jinin ciwo, na haddace, har na koyar da wasu. Yanzu abin ya zo kaina na rasa a ina zan ajiye wannan. Na bar shi a jinin ciwo. Ina wankewa, ina sabunta alwala kowace salla, ina yin sallata. Amma Alƙur'ani na kasa ɗauka da hannu. Na san ya halatta. Hannun ne ya ƙi. Da ka nake karantawa, in na sarƙe a aya sai in tsaya ina kallon littafin a kan kanta kamar baƙuwa.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na je da kaina. Mota biyu, sannan tafiyar ƙafa ta bayan wurin masu walda. An canza wa sashen mata wuri, yanzu yana sama, matattakala ta hawar min da numfashi. Dogon benci, fanka ɗaya mai juyi ba iska, da taga mai ƙarfe inda wata mata take zaune da kwamfuta.

Ta ce, "Sannu Mama, yaya jiki?" Na ce da sauƙi. Ta duba ta ce sunana yana ciki, ba a iso kaina ba. Likitan da ke aiki da na'urar ranar Alhamis kawai yake zuwa, yau kuma an tura shi taro. "Ki je gida, za mu kira ki."

Na yi godiya. Har sau biyu na yi. A mota nake tambayar kaina godiyar me.

Talata, 7 ga Oktoba

Ƙanwata ta zo, wadda muke ce wa Rediyo tun tana ƙarama, don in ta kama magana sai dai a ɗauke wuta. Ta ga keke a rufe da zane ta ce, "Yaya, keken ne ya shiga takaba ko ke?" Na yi dariya, rabona da dariya an jima.

Na gaya mata batun gwajin. Jinin ban gaya mata ba. Ta ce ta san yadda ake yi da mutanen nan, in bar ta ta je ta kwance musu tagar. Na ce ta rufa min asiri. Su ma bayin Allah ne, aiki ya yi musu yawa, kuma akwai waɗanda suka fi ni jin jiki. Ta ce, "Ke dai ko gobara ta kama ɗakinki sai kin yi sallama kafin ki fita."

Lahadi, 12 ga Oktoba

Bikin 'yar maƙwabta ban je ba. Ba a jin waya a cikin hayaniya. Sai da yamma na tuna Lahadi ce, ba sa aiki.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na koma. Na'ura ta lalace, ana jiran mai gyara daga wani gari. Yaya jiki, da sauƙi, za mu kira ki.

Jinin ya ƙaru. Yanzu ba ɗigo ba ne. Ga wani ciwo a ƙasan baya in na daɗe a tsaye. Na ware zannuwa biyu masu duhu, ina wankewa in shanya a bayan tanki inda Malam ba ya bi.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Na iske kaina ina tunanin wa zai ƙarasa yunifom ɗin nan in ba ni. Har na ɗaura wa kowane ƙulli ƙyallen alama, na 'yan mata daban, na maza daban, don kar mai ɗauka ya wahala. Sai na farga da abin da nake yi. Astagfirullah. Ba a ce kansa ba ce. Yarinyar da bakinta ta faɗa. Amma ba a ce ba ita ba ce kuma, abin yana nan a ciki, ni ina nan a ɗaki, ba wanda ya duba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Yau na ji abin da ya hana ni cin abinci.

An gyara na'urar. Ina kan benci ina jiran taga, sai wata mai sayar da lemu ta zauna kusa da ni, mace mai faran-faran, ta ɓare ɗaya ta miƙo min. Ta ce ita a watan nan aka yi mata gwaji, ga shi yau za a shiga da ita. Na ce ikon Allah, ni na riga ki nesa. Ta ce, "Ke me kika ce musu?" Na ce ban ce komai ba. Ta tafa hannu. "Hajiya, ai layi biyu ne a cikin kwamfutar nan! Mai ganin jini ko ciwo gaba ake sa ta. Mai lafiya ta jira. Ni zama na yi na zayyana musu har kalarsa."

Aka kira ta, ta shige ta bar min rabin lemu a hannu.

Da na isa taga matar ta ce, "Mama, yaya jiki?" Bayana maza biyu ne da suka rako matansu. Na buɗe baki. Da sauƙi ne ya fito. Shi kaɗai bakina ya iya.

Ashe duk lokacin nan amsar nan tawa take rubutawa a kwamfuta.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ni dai haka na tashi na gani. Mahaifiyarmu tana jinyar ajali, ko juyawa ba ta iyawa, kowa ya shigo ya ce yaya jiki sai ta ce da sauƙi, alhamdulillahi. Haka aka koya mana, ba a kai ƙarar Ubangiji wurin bawa. Ban taɓa ɗaukarsa ƙarya ba, addu'a ce, fata ne.

To amma in matar taga tana rubuta shi a matsayin labari, ni kuma na san ba haka ba ne? Wata biyu ina tsoron yin alwala ba daidai ba, ban taɓa tsayawa na duba wannan ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na gaya wa Rediyo komai. Karo na farko a rayuwata da na ga ta yi shiru. Sannan ta fashe da kuka, sannan ta fara faɗa, sai da na rufe taga.

"Yaya, matar taga ba gaisuwa take miki ba! Ba surukarki ba ce! In kin kai wa mai gyara keke, ce masa kike da sauƙi?" Na ce ta rage murya. Ta ce ragin murya ne ya kawo mu nan.

Ta ce ranar Alhamis za ta raka ni ta faɗa musu da kanta. Na ce a'a. Jikina ne. Ta ce to in na dawo da wani da sauƙin, ita da ƙafarta za ta je wurin Malam.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na gwada faɗa a ɗaki ni kaɗai, ina fuskantar bango. Ko bangon na ji nauyinsa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Benci cike. Da na isa taga akwai namiji a bayana, dattijo da hula a hannu. Matar taga ta ce yaya jiki. Na ce, "'Yata, babu sauƙi. Jini nake gani, ya fi wata uku, kuma al'ada ta daɗe da ɗauke min." A hankali na faɗa. Ta ce ba ta ji ba, fankar nan. Sai na sake.

Ina jin duk bencin ya ji. Dattijon ya matsa baya yana kallon silin, Allah ya saka masa.

Ta tashi ta kirawo nas mai tabarau. Yarinyar ta shigar da ni, wannan karon ta rufe ƙofa. Ta ce, "Haba Mama, me ya hana ki faɗa tun ranar farko?" Na ce ƙofa a buɗe take ranar. Ta ce yau likita ya cika, za su kira ni cikin satin nan.

Na ce ta yi haƙuri, ba zan tafi da za mu kira ki ba. A ba ni rana a hannuna. Na koma benci na zauna, na sa jakata a cinya. Azahar ta yi, na yi salla a lungun matattakala na dawo wurina. Mai goge ƙasa ya zo, na ɗaga ƙafa ya goge, na sauke. Wajen la'asar nas ɗin ta fito ta ce Alhamis mai zuwa, da safe, ni ce ta biyu.

Sati guda kuma. Ban san abin da za a gani ba, kuma jinin bai san an ba ni rana ba.

Malam ya dawo zai cire takalmi na ce ya zauna, akwai magana. Na faɗi sunan wurin. Ya ce zai nemi wanda zai riƙe masa mota ranar.

Bayan magariba na zauna na bi yinin nan tun daga farko ina neman inda na yi rashin kunya, don in nemi gafara. Na yi istigfarin dai, ko da akwai. Amma na duba, na sake dubawa, ban samu wurin ba.