Ƙugiyar da Kuka Cire wa Ƙaruwa

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta tallar haɗin gwiwa a wasiƙar imel, da ke Maraɗi, tare da sauran 'yan buro, wato ma'aikatan ofis.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki, ina yi muku barka da ƙoƙari. Sunana Lawali, a Tasawa nake zaune. Mushe Lawali ake ce mini, don na daɗe ina koyarwa a lakwal, makarantar boko inda ake kiran malami Mushe, kafin in koma koya wa manya karatu. Ni ne mai manhajar nan ta koyon karatun Hausa a waya, wadda na sa wa suna Ƙaruwa. Na tabbata yau babu wanda bai san sunan nan ba a buronku.

Da mako uku da suka wuce na ɗauki alƙalami, wallahi da takardar ba ta karantu ba. Yanzu zuciyata ta sauka, na koma cin tuwona da daɗi, shi ya sa na zauna in rubuta a natse. Na bar ta a buɗe kowa ya gani ne domin a bainar jama'a aka yi ɓarnar, bai kamata gyaranta ya tsaya cikin ambulan ba.

1. Yadda na shigo cikinku

Wani abokina mai manhajar lissafin magunguna a Mayahi ne ya kwaɗaita mini. Ya ce mu ƙananan masu sana'a ba mu da ƙarfin talla a rediyo, amma idan kowa ya kawo adireshin imel na mutanen da suka yarda a riƙa aiko musu da saƙo, aka haɗa wuri guda, sai kowace Alhamis a fitar da wasiƙa ɗaya mai ɗauke da tallar kowa. Mutanena su ga hajarsa, mutanensa su ga tawa. Wurin da ke can sama kuma, wanda ido ke fara faɗawa a kai, zagayawa yake kamar adashe. Na ce wannan ai gayya ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu goma sha biyu ne. Na kawo adireshi ɗari da arba'in da 'yan kai, kuma ba a titi na tsince su ba. Shekara uku ina bin taron malamai da kaye, littafin rubutu, a hannu, ina roƙon daraktocin lakwal da masu kula da azuzuwan manya su rubuta mini da hannunsu. Cikinsu har da malamin da ya koya mini baƙi, da surukina. Na miƙa muku su amana, na zauna jiran layi mako goma sha ɗaya.

2. Abin da na aiko da abin da kuka fitar

Ranar Litinin ta makon da layi ya zo kaina na aiko da tallata. Ga ta kamar yadda ta bar hannuna:

"Ƙaruwa ta iso garinku. Magidanta, ku shigo da Ƙaruwa gidajenku, matanku su koya a wurinta. Ƙaruwa ba ta buƙatar rezon intanet. A gwada ta kyauta har mako biyu."

A ƙasan saƙon na ƙara layi guda da manyan baƙaƙe, na ce don Allah a kula da ƙugiyar da ke kan harafin farko. Kwafin yana nan wurina.

Ranar Alhamis da hantsi wasiƙa ta fita, babu ƙugiya ko ɗaya daga sama har ƙasa. Ranka ya daɗe, ba sai na sake rubuta tallar nan a yadda kuka fitar da ita ba. Kai Bahaushe ne, ka mayar da ƙ ta zama k a layukan nan huɗu, ka karanta a ranka. Da sunana da hotona a gefe, na sha hula ina murmushi!

Daga baya na ji dalili. Wai na'urar aika saƙonku takan mayar da haruffanmu masu ƙugiya wasu 'yan akwatuna, sai aka ga hanya mafi sauƙi ita ce a bi wasiƙar duka a aske su, don ta yi tsabta. To, ta yi tsabta. Mai sayar da garin ɗan wake bai yi asarar komai ba, mai koyar da ɗinki ma an gane shi. Ni kaɗai aka yi wa askin da ya taɓa fata.

3. Abin da ya biyo baya

Zolayar abokai ba ta dame ni ba sosai. A majalisarmu ta bakin tasha, har yau in na iso sai wani ya ce a matsa wa Magajiya. Na dara, na rama, ta wuce. Kiran surukina ya fi nauyi. Bai yi faɗa ba, tambayata kawai ya yi ko koyarwar ce ta daina ciyar da ni. 

Amma abin da ya sa na rubuto ba wannan ba ne. A wani ƙauye na karkarar Hawandawaki akwai ajin mata ashirin da uku, wanda Malama Rabi ke riƙe da shi sau uku a mako bayan azahar. Da manhajata suke karatu, a manyan wayoyi huɗu da suke karɓa-karɓa. Wata bakwai muka yi muna lallashin mazajensu kafin ajin ya tsaya da ƙafarsa. Babu mai imel a garin, sai dai magana zarar bunu ce. Wani ya ɗauki hoton tallar ya jefa a zaurukan waya, ta yi ta yawo har ta faɗo hannun Malam Idi mai shagon cajin waya, shi kuwa ya karanta ta da ƙarfi ga duk wanda ya zo karɓar wayarsa. Ban ga laifinsa ba, abin da aka rubuta ya karanta.

Ranar Asabar mata tara suka zo aji. Ranar Litinin Malama Rabi ta kira ni tana kuka, ta ce daga ita sai tabarmi. Magidanta sun ce dama sun yi zargin abin da ake nuna wa matansu a wayoyin nan, ga shi mai abin ya faɗa da bakinsa. Ita kanta Malama Rabi, matar aure mai 'ya'ya biyar, sai da ta daina zuwa rijiya da rana saboda kallo.

4. Shirunku

Tun ranar Alhamis ɗin na kira buro sau shida. Wanda ya ɗauka a na shida ya yi dariya, ya ce Mushe ai ba komai, masu hankali za su gane. Na rubuto imel uku, ba amsa. Alhamis ta zagayo, wasiƙa ta sake fita da tallar wani a sama, ba ko layi guda na gyara. Kwana tara cur kuka bar ni ina ta bayani ni kaɗai, kamar ɓarawon da aka kama da akuya yana cewa rakiya ya yi mata.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne saƙon da wani ɗan buro ya turo mini a kwana na bakwai, wai in yi murna, ba a taɓa buɗe wata wasiƙa tamu kamar wannan ba, kuma masu neman gwaji sun yi yawa. Haba! Na ga irin masu neman gwajin, na kuma ga irin tambayoyin da suke yi. Ba wannan kasuwar na zo ci ba.

5. Wadda ta kashe wutar

Ranar Juma'a ta biyu na hau babur na bi yashin nan har garin su Malama Rabi, domin mai gari ya tara magidanta a ƙofar gidansa bayan la'asar, a yanke ko a rufe ajin. Na tashi na yi bayani irin namu na malamai, da harafi da furuci da na'ura. Ina magana ina ganin fuskoki, na san ruwa nake zubawa a kwando.

Sai Inna Tsahara ta nemi izini. Tsohuwa ce mai ƙuli-ƙuli, mijinta ya rasu, saboda haka babu mai hana ta aji, kuma ita ce ta fi kowa tsufa a cikinsa. Ta ɗauki karan hatsi ta durƙusa ta rubuta kalma biyu a ƙasa, baki da baƙi. Ta kira Malam Idi ta ce tunda shi ne mai karanta wa gari, ya karanta. Ya karanta su daidai. Ta tambaye shi ko in an ce ya yi baƙi zai shimfiɗa wa bakinsa tabarma. Mutane suka fara murmushi. Sannan ta karɓi waya daga hannun Malama Rabi, ta kunna da kanta, ta miƙa masa ta ce ya duba sunan da ke kai da kyau, ya faɗa wa mutane ko akwai ƙugiya ko babu. Ya duba, ya ce akwai.

Abin da ta faɗa daga nan ba zan manta ba, kuma ku ya shafa, don haka na kawo muku shi yadda yake. Ta ce wanda ya rubuto takardar can daga Maraɗi, shi ya kamata a kawo aji ya zauna kusa da ita, ba su za a fitar ba.

Liman ya yi dariya har ya riƙe gemu. Ya ce ko a allo ɗigo guda kan juya kalma, kuma duk wanda ya yi karatun zaure ya sha bulala a kan haka. Mai gari ya ce a buɗe aji. Ranka ya daɗe, a kan hanyar komawa Tasawa sai da na tsaya gindin wani gawo na kashe babur. Na yi hamdala ban san iyaka ba.

6. Godiya, da nawa laifin

Ba zan ɓoye alheri ba. A kwana na goma sakatariyarku, Madam Zuwaira, ta dawo daga tafiya, ta ga saƙonnina, ta kira ni da kanta. Ba ta kawo uzuri ba, haƙuri ta ba ni, ta kuma tambayi halin da matan ke ciki kafin ta tambayi nawa. Alhamis ta gaba gyara ya fito a can sama, an sa sunan a hoto yadda na'ura ba za ta taɓa shi ba. Surukina ya gani, ya aiko mini da goro. Daraktoci uku da suka yi shiru sun dawo da magana. Allah ya saka mata da alheri.

Laifi tudu ne, ni ma ina kan nawa. Na san sunan nan yana tafiya a bakin rami tun ranar da na zaɓe shi. Na riƙe shi ne don duk ajin da na taɓa koyarwa, in an tashi, abin da ɗalibai ke cewa ke nan, mun ƙaru. Ya kamata in nace sai na ga wasiƙar da idona kafin ta fita, ban yi ba. Ba zan canza sunan ba, ba kuma zan fita daga ƙungiya ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

7. Abin da nake roƙo

Na farko, kada tallar kowa ta sake fita sai an nuna wa mai ita yadda za ta bayyana, ya ce ya yarda. Na biyu, a gyara na'urar ta karɓi ƙ da ɗ da ɓ, ko a nemi wata. Da Hausa muke talla, ga Hausawa, ba zai yiwu a riƙa yi wa harshen kaciya don na'ura ta ji daɗi ba. Na uku, a sa mutum guda da zai amsa kuka cikin kwana ɗaya, wanda ya san cewa wasiƙar imel ba a imel take tsayawa ba.

Na huɗu shi ne babba, don shi na rubuta duk abin da ke sama. Cikin mata ashirin da uku, ashirin da biyu sun koma. Saura Halima. Mijinta yana ci-rani a arewa, ta waya labarin ya same shi, bai ga abin da aka rubuta a ƙasa ba, bai ji dariyar liman ba. Ya ce kada ta sake taka ajin sai wansa ya riƙe takarda a hannu daga waɗanda suka buga abin, da sa hannu da hatimi, sun ce kuskurensu ne. Maganata bai karɓa ba, ya ce ai ni ne mai kayan. Ban ga laifinsa ba. Gyaran da kuka yi a imel bai isa can ba, don haka ina roƙon takarda ta gaske, shafi guda, da Hausa, ka sa mata hannu da kanka. A ba direban Tasawa, ni zan kai ta.

Darasi huɗu ya rage wa Halima ta gama littafin farko. Shekaranjiya Malama Rabi ta kawo mini wata 'yar takarda da aka yago daga kaye, wasiƙar farko da Halima ta taɓa rubutawa a rayuwarta. Layi biyu ce: "Mushe ina gaisuwa. Kada a ba wata wurina, ina zuwa."

Na aika mata cewa wurinta yana nan, kuma takarda na tafe kafin Juma'a. Ban shawarce ku ba na yi wannan alkawari. Ranka ya daɗe, kada ka bari in zama na yi wa baiwar Allah nan ƙarya.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci ƙungiyarmu, ya tsare mutuncinka da na iyalinka yadda ya tsare nawa.

Naka mai jiran amsa,
Mushe Lawali, Tasawa.

Wassalam.