A Bar Filin Mama Yadda Ta Bar Shi

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Hukumar Gudanarwar wannan Cibiya ta binciken gandun daji, a madadin Mai Girma Shugaban Hukuma, da Babban Darakta, da ɗaukacin malamai da ma'aikata, ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, Shehiyar Malama, tsohuwar Shugabar Sashen Farfaɗo da Daji, wadda babba da yaro suka fi sani da Mama A-Bar-Shi, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda suka zo daga baya ba su san asalin sunan nan ba. Sama da shekara talatin ke nan, lokacin da kowa ke ganin ba a raya daji sai da dashe, Mama ta nemi a ba ta wani fako da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje, wanda ko awaki sun raina shi, ta sa aka kewaye shi da waya, sannan ta kafa doka: ba shuka, ba ban-ruwa, ba taki, ba sara. So take ta gani ko ƙasar da aka ci ƙarfinta za ta iya tashi da kanta daga saiwoyi da kututturan da ke kwance a cikinta. An yi mata dariya har da riƙe ciki, ana cewa ga Farfesar da aikinta zura wa ƙasa ido. Duk wanda ya kawo shawara kuwa, amsarta ɗaya ce, a bar shi.

Mu da muka yi karatu a hannunta ba za mu manta da ita ba, da malafarta da ta sha rana, da awon tela rataye a wuya, tana tsare mu a bakin ƙofar filin sai mun kakkaɓe takalmi da ƙafar wando, kada mu shigar mata da baƙon iri. Wanda ta kama yana shan mangwaro kusa da wayar nan, ranar sai ya gwammace kiɗa da karatu. Amma ita ce dai za ta kira shi ofis daga baya, ta zuba masa shayi daga fulas ɗinta, ta tambayi jikin mahaifiyarsa. Wallahi muna kewar faɗan nan. Yau fakon ya zama kurmi, ga kirya, ga marke, ga aduwa, tsuntsaye ba sa barin na ofishin kusa su ji wayar tarho. Rahoton da ta fitar bara ya sa masana da dama sun sake tunani, saura awon ƙarshe bayan daminar bana, wanda zai rufe binciken. Idan dashe ko guda ya shiga filin kafin nan, aikin rayuwarta ya tashi a banza, domin babu mai iya sake cewa ƙasar ita kaɗai ta yi.

A nan ne Hukuma take da roƙo. Mu mutanen daji ba mu san wata ta'aziyya ba sai dasa itace. Washegarin jana'iza, tsoffin ɗalibanta, cikinsu har da daraktoci masu furfura, suka ciko akori-kura da dashe da diga da shebur, suka nufi filin Mama domin su karrama ta. Allah ya sa maigidanta, Baba, ya zo kwashe kayanta daga ofis. Dattijon nan ya dogara sandarsa ya tsaya a bakin ƙofa, ya tambaye su ko so suke su binne ta sau biyu. Wasu suka fashe da kuka a wurin, aka juya da akori-kurar ba a dasa ko guda ba.

Hukuma tana miƙa ta'aziyyarta ga Baba, da 'ya'ya da jikoki, waɗanda suka yi haƙurin raba uwa da mu, har suke kiran filin nan Yaya Babba saboda ya riga su samun kulawa. Allah ya ba su juriyar wannan babban rashi, ya jiƙan Mama, ya sa kowace inuwa da ta bari ta zame mata sadaka mai gudana.

An damƙa wa Baba makullin filin har a gama awo. Mai son yin dashe domin Mama, ga sauran harabar Cibiya, ga kuma ƙofar gidan shi mai dashen. Mai son ziyartar filinta kuwa, ya zo hannu rabbana, ya tsaya bayan waya, ya yi mata addu'a, ya juya. Abu ɗaya ta yi ta roƙonmu tsawon rayuwarta, yanzu kuma ba ta nan balle ta tsawatar. Don Allah, a bar shi.

Sa hannu:
Wanda Mama take kira Sarkin Surutu,
Kakakin Cibiya kuma Jami'in Hulɗa da Jama'a,
a madadin Hukumar Gudanarwa.