Lemar da Na Ɗaga wa Jikana

Daga: Misis Hilda Stobbart,
Gida na 9, Layin Masunta,
Skelburn.

Litinin, 17 ga Maris, 2025

Zuwa ga: Mista Rupert Halloway,
Jami'in Sauraron Ƙorafin Magoya Baya,
Hukumar Gasar Ƙwallon Ƙafa.

Game da: Hana ni shiga filin Skelburn Rovers na shekara uku, da kujerata mai lamba 41, da lemata

Ranka ya daɗe,

A'a, ban amsa laifina ba. Layin nan na takardarka ta ranar 10 ga wata, inda ka ce na amsa, sau uku na sa aka karanta mini shi, ko kunnena ne. Abin da na faɗa shi ne na ɗaga lema. Ɗaga lema daban, amsa laifi daban. In ofishinku bai san bambancin ba, to ga shi zan jero maka da lamba, tunda an ce ku sai da lamba kuke ganewa.

Kafin nan ka yi mini uzuri, ba hannuna ba ne wannan. Ni ban iya karatu ba. Ina shekara goma sha uku aka cire ni daga makaranta aka kai ni gyaran kifi, kifi kuwa bai taɓa neman in karanta masa komai ba. Mijina Wilf ne yake karanta mini har ya rasu. Mai rubuta wannan maƙwabciyata ce, Jean Raine, kuma 'yar Shuɗi ce, wato tana goyon bayan Aller Athletic na ƙetaren kogi. Shekara talatin da ɗaya muna shanya a igiya ɗaya, ba mu taɓa gaisawa ranar wasa ba. Yau duk layin nan babu ɗan Ja ɗaya, wato mu masu goyon bayan Rovers, da zai riƙe mini biro. Ta ce kar a sa wannan. Na ce ta sa.

1. Ni 'yar Ja ce. Ubana ya fara kai ni filin a 1957, lokacin a tsaye ake kallo, ruwan sama na zuba mana a wuya. Da aka kafa kujeru aka ba ni ta 41 a layi na shida, aka ba Wilf ta 42. Shekara sittin da takwas ke nan. Wasa huɗu na rasa: biyu haihuwa, ɗaya aikin ƙugu, ɗaya jana'izar 'yata Carol. Jana'izar Wilf da safe muka yi ta, na samu wasan yamma. Da shi ne ma haka zai yi.

2. Carol ta bar mini yaro, Kieran, yana shekara shida. Yana bakwai kulob ɗin ya ɗauke shi makarantar ƙwallonsa. Bas biyu ake shiga kafin a kai can, sau huɗu a mako, kuma ba wanda ya taɓa tambaya ta yadda muke zuwa. Filin yara babu rumfa, don haka kullum da lemata, baƙa, mai mariƙin katako. Ranar da ya fara cin ƙwallo ya tsaya yana waige-waige cikin iyayen yara yana nemana, ni kuwa gajeriya ce. Sai na ɗaga lemar a rufe. Shi ke nan ta zama al'ada. Ya ci, ya waiga, in ɗaga. Da ya shiga manya yana shekara goma sha takwas ma haka muke yi, mutum dubu talatin na tafi. An taɓa sa hoton lemar a 'yar takardar da ake sayarwa ranar wasa. Fam huɗu suke sayar da ita. Ni ma saya na yi.

3. Shekara huɗu da suka wuce wani attajiri daga ƙetare ya sayi kulob ɗin. Ya tsaya a tsakiyar fili da jan mayafi a wuya, ya ce nan da shekara biyar sai mun ci kofi. Ya sayo 'yan wasa daga ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, muka fara doke manya, har 'yan Shuɗi suka daina yi mana waƙar warin kifi. Sai hukumarku ta tuna tana da doka, wai kulob ba zai kashe fiye da abin da yake samu ba. An yi mini bayaninta, kuma ga yadda na gane ta, ka gyara mini in na yi kuskure: wanda ya riga ya ƙoshi ya ci gaba da ci, wanda ya zo a makare ya jira. Bara kuka cire mana maki shida. Makin nan a gaban idona aka ci su, cikin sanyi. Ban san ana shiga ofis a goge ƙwallon da ta riga ta shiga raga ba.

4. Ranar Lahadi, 30 ga Yuni, 2024, Kieran ya shigo kicin ina feraye dankali. Bai cire takalmi ba. Ya ce an sayar da shi. Na ce ga wa. Ya ce 'yan Shuɗi. Na ce ya cire takalmi.

Daga baya aka gaya mini dalili. Ranar ce ake rufe littafin kuɗi na shekara, kuma in ba a cike giɓi ba za ku sake cire maki. Baƙin 'yan wasan da aka sayo da tsada, in an sayar da su, sai an cire kuɗin sayensu kafin a ga riba. Amma yaron gida, tunda ba a saye shi ba, duk abin da aka samu a kansa riba ce zalla. Haka suke kiransa a littafi, riba zalla. 'Yan Shuɗi ma suna cikin ramin da muke ciki, sai aka yi musaya: suka ba mu nasu yaron gidan, muka ba su namu, kowa ya rubuta riba, hukumarku ta buga hatimi. Ba a tambayi ko ɗayan yaran ba sai da aka gama. Na ji shi ma wancan yaron yana da kaka. An ce ba ta fita yanzu.

Ina so a rubuta cewa gaskiya ne ba su biya komai a kan Kieran ba. Na sani, don ni na biya.

5. Ranar Asabar, 8 ga Fabrairu, 'yan Shuɗi suka zo filinmu. Na je, don ban ga dalilin ƙin zuwa ba. Tun daga fitowarsa ake kiransa maci amana. Bayana akwai Len Dodds, wanda ya sha ɗora Kieran a kafaɗa ya saya masa alewa. Len ya kira shi da wannan sunan, sannan ya ambaci uwarsa. Carol ɗin da Len ya ɗauki akwatin gawarta. Ban juya ba. Na sha shayina.

Saura minti tara a tashi, babu ci, ƙwallo ta faɗo gabansa ya buga ta shiga. Bai yi murna ba, ranka ya daɗe, kana da hoton. Ya tsaya hannu a ƙasa. Sai ya waiga layi na shida.

A takardar kulob an ce na nuna farin ciki da cin da abokan hamayya suka yi. Ban ji farin ciki ba. Ban ji baƙin ciki ba. An ci mu, kuma jikana ne ya ci mu, na laluba cikina ban tarar da komai ba. Hannu ne ya tashi, don shekara goma sha huɗu yana tashi. Lemar a rufe take. Ban yi tafi ba, ban buɗe baki ba, jan mayafina na wuyana.

Mai na'urar hoto ya sa ni a babban allo. Aka jefo kofin shayi ya same ni a kafaɗa, aka jefo kwabbai. Len ya tofa mini yawu a hula. Masu gadi biyu suka ɗaga ni ta hammata, suna ce mini kaka mu je don lafiyarki. Suka karɓe lemar a ƙofa, wai makami ce. Na tsaya a tashar bas da shayi a rigata. Ana ruwa.

6. Ranar 13 ga Fabrairu takarda ta zo. Kwana biyu tana kan tebur kafin na ƙwanƙwasa ƙofar Jean. An hana ni shiga shekara uku, saboda dokar da ta ce mai goyon bayan baƙi ba ya zama a ɓangaren 'yan gida, da kuma tunzura jama'a. Len Dodds gargaɗi aka yi masa. Yana nan a kujerarsa. Na ji yana ɗora ƙafa a kan tawa.

Ranar 26 ga wata aka kira ni gaban shugaban tsaron filin, wani Mista Penn. Yaro ne mai ladabi, ya ba ni biskit. Ya ce in na sa hannu cewa na yi nadama kuma ba zan ƙara ba, za a mayar da ita shekara ɗaya. Na ce ba zan iya yi masa alkawari a madadin hannuna ba, hannun bai shawarce ni ba tun farko. Na tambaye shi, in wadda ta ɗaga wa yaron lema ta ci shekara uku, wanda ya sayar da shi nawa ya ci. Ya ce wannan ba ofishinsa ba ne. Na ce ofishin wa ne. Ya ba ni sunanka, ya ce zai tura maka maganar.

Kai kuma a takardarka ka ce dokar kuɗi daban, dokar kujera daban, ba su da alaƙa. Da girmamawa, ni a jikina suka haɗu. Ba don ta farkon ba, da yaron nan ja yake sanye da shi ranar, da na ɗaga lemar an sake sayar da hotonta fam huɗu.

7. Game da shekara ukun. Shekarata tamanin da biyu. Na tambayi likitan zuciyata ko ina da shekara uku, sai ya hau gyara takardun gabansa. Ni ma na iya karanta wannan.

Yanzu ranar wasa ina zama a kicin. Daga nan ana jin ihun filin in iska ta juyo. Ina gane ci daga ihu, ina gane wanda aka ɓarar. Ba na kunna rediyo. Mai shagon kifi ya daina ce mini Hilda, sai Misis Stobbart. An rubuta wani abu da fenti a ƙofata, ban tambayi Jean mene ne ba, ita ma ba ta faɗa ba, ta zo da bokiti. Kieran na zuwa ranar Talata ya ci abinci, ya ajiye mota can bayan coci, ya rufe fuska da hula. Sau biyu ya ce laifinsa ne da ya waiga. Na ce ya ci dankalinsa. Ba na kuka, kar ka sa a rubuta ina kuka. Ina dai zaune.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon alfarma uku.

Ta farko, a janye hanin nan kafin ranar 18 ga Mayu, wasan gida na ƙarshe a bana. Ranar ce ake sabunta kujeru, wanda bai sabunta ba a sayar da tasa. Ta 42 ma ni nake biya tun rasuwar Wilf, a kanta nake ajiye jakata.

Ta biyu, a dawo mini da lemata. Ta Wilf ce.

Ta uku, in kun zauna gyaran dokarku, a samo wa yaran gida wani suna a littafi. Ban ce a daina sayar da su ba, na san ba za a daina ba. Sunan kawai.

Ban nemi a hukunta Len Dodds ba. Ya dai sauke ƙafarsa.

Ina gode maka da haƙurin karanta maganar tsohuwa, Allah ya ƙara maka lafiya da yawan takardu masu daɗi.

Taka mai biyayya,

X
(alamar Misis Hilda Stobbart, kujera ta 41, layi na shida)
Jean Raine ta rubuta, ta karanta mata, ta yarda.

Ƙari: Jean ta tuna mini ban amsa ƙarshen takardarka ba, inda ka ce ai akwai mafita mai sauƙi, tunda 'yan Shuɗi na ba iyalan 'yan wasansu kujera kyauta a rumfa mai ɗumi, in koma can in ɗaga lemata yadda nake so. Jean ta ajiye biro ta goyi bayanka. Ta ce in zo mana, taurin kan me, shayinsu ya fi namu, ita da kanta za ta riƙe ni mu haye gada, ga jikana can ina ganinsa kowane mako. Mun kai rabin awa a kai. Ga amsar da na ba ta, kai ma ita ce taka:

Kieran aka sayar. Ni ba a sayar da ni ba tukuna. In kuma an sayar, a turo takardar, Jean ta karanta mini nawa na kai.