Kada a Kashe Kwamfutar Ɗakin Baya

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zubaidatu da Abdulrahim, ku yi mini afuwa da na ɗora muku karatun doguwar takarda a kan wahalar jinyata. In na buɗe baki zan faɗa sai Zubaidatu ta fara kuka, ni kuma kun san muryata ba ta hawa kan ta kowa. Ni ce mahaifiyarku, Nana Hafsat. Na rubuta wannan da hannuna a gidanmu na Samaru, hankalina garau, ba wanda ya sa ni. Ranar Alhamis za a shiga da ni tiyata a asibitin Shika, likita kuma bai ɓoye mini komai ba. Abu guda nake tsoron ya tsaya in na tsaya, shi ne aikin da kwamfutar ɗakin baya take yi.

1. Gida, gona da 'yan kayan ɗakina, a raba yadda shari'a ta tanada. Bappanku ya tsaya a kai. Ban ƙara ba, ban rage ba.

2. Ban taɓa zaunar da ku na gaya muku abin da na'urar nan take nema ba. Kai Abdulrahim ka sa mata suna autar Umma, ka ce ta fi ku samun fanka. Ga labarinta.

Ina yarinya a makarantar allon mahaifina a Jushi, mutane kan kawo masa rabon gado. Wata rana wani magaji yana da ɗaya cikin huɗu, wani ɗaya cikin shida, sai Malam ya lumshe ido ya ce a kasa dukiyar gida goma sha biyu. Na tambaye shi dalili. Ya ce a sha biyu ne huɗu da shida suke fara haɗuwa in aka hau sama, in aka gangara ƙasa kuma a biyu suke haɗuwa. Wuni na yi ina gwada lambobi a ƙasa da tsinke, kowane biyu na ɗauka sai na samu mahaɗarsu sama da ƙasa.

Da na shiga jami'a na tarar abin yana da suna, latis: duk wani tari da kowane abu biyu a cikinsa suke da mahaɗa ta sama da ta ƙasa. Dokoki shida ke riƙe da shi, su na yi ta koyarwa. Sai masana a ƙasashen waje, da taimakon manhajar da ke gina hujja da kanta, suka samo jimla guda, layi ɗaya tak, wadda duka shidan suke fitowa daga cikinta. Watanni na yi ina bin hujjar da fensir. Ranar da na ga doka ta ƙarshe ta fito daga layin da bai fi tsawon tafin hannuna ba, ajiye fensirin na yi na je na yi alwala. Wa ya naɗe wannan abu duka a wuri ɗan ƙanƙani haka, ya bar shi yana jiran ranar da wani zai buɗe? Subhanallahi.

3. Ni wadda ta fi waccan gajarta nake nema, in akwai ta. Manhaja biyu ke aiki: ɗaya tana neman hujja, ɗaya tana neman misalin da zai ƙaryata jimlar. Dubban jimlolin da na gwada sun faɗi. Guda ta rage mini. Ta haifi dokoki huɗu, biyun ƙarshe kuwa ba a tabbatar ba, ba a ƙaryata ba, na'urar tana kai har yanzu. In wuta ta yanke mata ko da ƙiftawar ido, abin da ta tara a ƙwaƙwalwarta ya zube, sai a koma farko.

Don haka na yi wasiyyar kwamfutar, daga cikin sulusin dukiyata, ga Oluoma, tsohuwar ɗalibata da ke Sabon Gari. Ba magajiya ba ce, kuma na tambayi malamai, bambancin addini bai hana ba. Ku bar mata makullin ɗakin har na'urar ta tsaya da kanta. Ranar Lahadi takan biyo daga coci. A zuba mata tuwo, a ajiye mata yaji a gefe, don kullum sai ta ce miyarmu ta marasa lafiya ce.

4. Zubaidatu, ina jin ki kina gaya wa 'yan dubiya wai Umma ta gano abin da ya gagari Turawa. Na san so ne. Amma ban gano ba, 'yata, nema nake. Kada a faɗi haka a zaman makokina. In jimlar ta faɗi, Oluoma ta rubuta cewa ta faɗi, ta sa sunana a kai, don kada wani ya sake ɓata shekarunsa a kanta. In kuwa ta tabbata, kada a sanar sai mutum ya bi hujjar da idonsa daga farko har ƙarshe.

5. Abdulrahim, wannan naka ne. Lokacin da ɗauke wuta ya yi ta rushe mini aiki, kai ka zo da sola da batura, ka hau rufi da kanka ka kafa. Ba ka ce kyauta ba ce, ba ka ce aro ba, ni kuma nauyi ya hana ni tambaya. Yanzu na san shagonka na Sabon Gari yana buƙatarsu, janareta yana cinye maka riba. Na kuma san Zubaidatu ta ce maka jira kake in rufe ido ka kwance su, tun ranar ba ku gaisa ba. Zubaidatu, kalmar ta yi muni, ki je ki ba ƙaninki haƙuri. Ba na son ku zauna karɓar gaisuwata kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Ba zan yi wasiyya da abin da ban tabbata nawa ba ne. In kyauta ce, solar ta bi kwamfutar cikin sulusi, aikin ya ci gaba. In aro ne, kayanka ne halak malak, ka ɗauka, wallahi ba zan riƙe ka a zuciya ba, kuma ban yarda kowa ya yi maka gori ba. Abin da na roƙa kawai, ka sanar da Oluoma kafin ka cire waya, ta kwafe abin da zai kwafu. Kada ka ce kyauta don tausayin mara lafiya. Na fi son a kashe na'urar da a ce ta yi ta aiki da wutar da ranka bai so ba.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku kamar yadda kuka ji ƙaina. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe Bappanku, ku riƙe juna, kada Juma'a ta wuce ɗayanku bai taka gidan ɗaya ba.

Bappa zai zo da shaidu ranar Laraba bayan la'asar, kuma ba zan sa hannu ba sai na san me zan rubuta a kan solar nan. Abdulrahim, don Allah ka ba ni amsa da wuri.