A Canza wa Allon Baba Burauza

Ƙofar Kware, Sakkwato.

Zuwa ga ƙanena Junaidu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Rahma da ƴar lelena Ihsan. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sauƙaƙa maka karatun da ya kai ka Malesiya, ya maido mana ku cikin aminci. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa unguwa ba a riƙe ta ba. Yaya Hashim ya samu canjin wurin aiki ya dawo cikin gari, yanzu kullum yana nan gida da yamma yana cinye mana furar Baba.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda na san halinka a waya. Ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana sai ka fara koya masa abin da ya riga ya sani. To yau dai sai ka karanta har ƙarshe.

Zancen kwamfutar hannun nan ne da ka aiko wa Baba, wadda yake kira allo. Ka san tun da yanar ido ta fara rufe masa gani ba ya iya ganin ƙananan rubutun sharhi a littafi, kuma shi ba ya fassara wa ɗalibi layi ɗaya bai duba sharhi ba. Allon nan shi ya maido masa da karatun zaure, ya buɗe shafin littattafai na intanet ya ja rubutun da yatsa ya girma yadda yake so. To karatun ya tsaya. Ranar wata Laraba bayan la'asar ya shigo gida, ya naɗe allon cikin tsohon rawaninsa, ya sa a akwati, ya ce idan an samu mai tafiya a mayar maka da kayanka. Mu kuma ba mai iya tambayarsa dalili.

Sai daga baya na ji dalili wajen Malam Abdulhamid, telan nan na Runjin Sambo mai furfura, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar littafin fiƙihu guda a gaban Baba. Shi ma da ƙyar ya faɗa, kansa a ƙasa. Ana tsakiyar karatu Baba ya miƙa masa allon don ya ga wata kalma, sai ga talla ta rufe rabin shafin, hoton mace da shigar da ba ta dace ba, da kiran mutane zuwa caca. Baba ya danna don ta tafi, ta ƙara buɗewa, har da kiɗa. A gaban ɗalibansa, Junaidu. Da na ji haka sai da na yi hawaye, don na san irin kunyar Baba. Kuma babi kaɗan ya rage Malam Abdulhamid ya sauke littafin nan. Har ya ɗinka rigar walima ya ajiye.

Na san za ka ce a sauko da littafin kawai a huta da intanet. Na gwada. Wanda na samu hoton tsohon bugu ne, da an ja shi sai harufan su dagule. A shafin ne kaɗai rubutun ke fita tas. Kuma na gane laifin ba na burauzar da ta zo da allon ba ne kai tsaye, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, masu shafin ne suka ba ƴan talla haya a gefensa, ita kuwa duk abin da aka ba ta nunawa take yi.

Don haka na mai da wayata wurin gwaji. Na sauko da burauza iri-iri ina buɗe shafin nan a kowace, har abokan aikina a makaranta suka fara kirana injiniya. Akwai wadda ba ta cin data, na so ta, amma da ka buɗe ta labaran ƙwallo da na mawaƙa ne za su tare ka tun daga ƙofa, ka ga an gudu ba a tsira ba. Akwai wadda ke share komai ta bar rubutu zalla, sai dai dole a danna wani ɗan maɓalli a kowane shafi, kuma Baba ba zai gan shi ba. Wadda hankalina ya kwanta da ita ita ce mai tare talla da kanta, ba sai an ce mata ba. Wasulan Larabci suna fita daidai a cikinta. Aibinta shi ne wasu shafukan ba sa buɗewa sai an sassauta mata, kuma duk wuraren da ka yi wa Baba alama sai na sake jera su. Wannan aikina ne, na ɗauka.

Kai wa Baba maganar shi ne babban aiki. Na bari sai da ya sha fura, na zauna gefen tabarma na ce ina neman fatawa kan wata jimla, na miƙa masa wayata. Ya gane wayon, amma ya karɓa. Ya daɗe yana jan shafin sama da ƙasa, ba karatu yake ba, jira yake. Can ya tambaye ni ko a wannan ba mai faɗowa ba sallama. Na ce ban ga ko ɗaya ba tun da na fara gwadawa, amma ba zan rantse masa ba. Ya ce gara da ban rantse ba.

Ina murna an gama, sai ya ɗauko abin da ban taɓa tunani ba. Wai mutanen da suka wahala suka zuba littattafan nan kyauta, in da tallar suke ci, mu kuma muka toshe ta, ba mu ci haƙƙinsu ba? Ka ji Baba. Ni ina ta auna data da sauri, shi yana auna haƙƙi. Ya kwana biyu yana juya abin, har ya tattauna da Yaya Hashim. Daga ƙarshe ya ce ba wanda ke da haƙƙin a kalli abin da Allah ya hana, amma wahalarsu gaskiya ce. Zai riƙa sa su cikin addu'ar rufe karatu, kai kuma ka bincika ko suna da hanyar karɓar gudummawa, a aika musu da sunan zauren.

Saura kai. Lokacin da ka shirya allon ka kulle shi da lambar sirri don kada jikoki su cika shi da wasanni, kuma ka ja mini kunne kada in taɓa komai. Ban yi fushi ba, ko da yake ni na koya maka riƙe cokali. Amma ba zan iya saka sabuwar burauzar ba sai da lambar nan. In kana da wadda ta fi tawa, faɗa mini, zan gwada. Abin da ba na so shi ne dogon bincike irin naka.

Inna tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan Ihsan. Yaya Hashim da iyalinsa suna gaisuwa, haka ma Gwaggo Mariyatu ta Gidan Dahala. Ka gaishe mini da Rahma da kyau, ka ce mata yajin da na yi alkawari yana nan.

Kada ka ja lokaci, Junaidu. Jiya da na shiga share ɗakin Baba na tarar ya fito da allon daga akwati ya jingina shi a kan littattafansa, yana nan a naɗe cikin rawanin. Kuma ya riga ya aika wa Malam Abdulhamid cewa ya zo ranar Asabar da littafinsa.

Wassalam. Taka yayarka mai jiran amsa,
Ummulkhairi